Ya tsallaka Kongolam da kuɗina: wace kotu ce za ta dawo da shi?

Wani ɗan kasuwa daga Daura ya aiko mini da tambaya. Ya ba yaronsa amanar kaya, yaron ya sayar, ya tsallaka Kongolam da kuɗin, yanzu ana ganinsa a Damagaram. Alhajin ya ce ya ji a rediyo cewa a Turai alƙalin wata ƙasa kan sa hannu a takarda, wata ƙasar ta kama mutum ta miƙa shi cikin 'yan makonni. "Mu ma ai muna da ECOWAS da kotunta a Abuja. Me zai hana ta ba da umarni a dawo mini da shi? In kuma kotun ƙasa da kotun ƙungiya suka saɓa, ta wa ake bi?"

Alhaji, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye na gaba. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba, don kada ka ɓata kuɗin mota zuwa Abuja: kotun ECOWAS ba za ta dawo maka da yaron nan ba. Ba ta shari'ar laifi, ba ta sauraron ƙarar mutum da mutum, ba ta da ɗan sanda ko guda, balle gidan yari. Ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar tun 29 ga Janairun 2025, ita da Mali da Burkina Faso. Tambayarka ta biyu ce mai tsoka, kuma sai an warware ta za ka gane inda ya kamata ka nufa da ta farko.

Mu mutanen bakin iyaka kalma ɗaya muke yi wa abubuwa uku: an tiso ƙeyarsa. Doka kuwa ta raba su. Akwai kora, inda ƙasa ke ce wa baƙo zamansa ya ƙare, ya kama hanya. Wannan aikin hukumar shige da fice ne, kuma ba a yi wa ɗan ƙasa. Akwai ɗauke mutum ta bayan gida, jami'ai su damƙe shi su jefa a mota ko a jirgi ba tare da wani alƙali ya sa shi a ido ba. Sai na uku, wanda kake tambaya a kai: ƙasa ta roƙi ƙasa a rubuce, a gurfanar da mutumin gaban alƙalin inda ya ɓuya, alƙalin ya duba ko doka ta yarda a ba da shi. Ka riƙe kalmar nan, roƙo. Sammacin alƙalin Daura ƙarfinsa a shingen Kongolam yake ƙarewa. Da ya isa Dan Barto, a ɓangaren Nijar, ya zama takarda kamar kowace takarda, sai fa in alƙalin can ya ga dama, bisa dokar can, ya ɗora masa tasa.

Bari mu ɗauka mu ake roƙo, don a nan ne za ka ga yadda injin yake juyawa. Dokar miƙa masu laifi ta Najeriya ta 1966 ce, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya. Tsarin mulkin 1999 ya sa batun cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, sashe na 251 kuma ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin sauraronsa ita kaɗai. Majistare, da alƙalin kotun shari'ar Musulunci, da babbar kotun jiha, duk babu ruwansu. A da dokar majistare ta ambata, sai a 2014 aka daidaita ta da tsarin mulki, a 2015 kuma kotun ta fitar da ƙa'idojin sauraron irin waɗannan ƙararraki. Takardar roƙon takan zo ta hannun jakadan ƙasar zuwa ga Antoni Janar na tarayya. Yana iya kashe maganar a kan teburinsa. In ya karɓa, shi zai kai ta kotu.

Alƙalin ba zai tambayi ko mutumin ya aikata ba. Wannan aikin kotun da ke nemansa ne. Abin da yake dubawa shi ne: akwai yarjejeniya da ta haɗa mu da ƙasar? Wanda ke tsaye gabansa shi ne ainihin wanda ake nema? Abin da ake zarginsa da shi laifi ne a can, laifi ne kuma a nan, mai nauyin da ya kai a nemi mutum a kansa? Hujjar da aka turo, da a nan aka yi laifin, ta isa a ce ya tsaya ya kare kansa? Bayan nan sai katangun da sashe na 3 ya gina. Ba a miƙa mutum kan laifin siyasa. Ba a miƙa shi in an ga ana nemansa ne don a hukunta shi saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa. Ba a miƙa wanda aka riga aka wanke ko aka hukunta kan laifin. Ƙasar da ta karɓe shi ba za ta sauya masa tuhuma ba, ta nemo shi kan zamba sannan ta gurfanar da shi kan cin amanar ƙasa. Kuma in yana da wata shari'a a gaban kotun Najeriya, sai ta ƙare. Wannan ta ƙarshe ita ce ta tsayar da buƙatar Amurka a kan ɗan sanda Abba Kyari: a Agustan 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yi watsi da ƙarar da Antoni Janar ya shigar, domin a lokacin ana yi wa Kyari shari'ar ƙwaya a gida. In kuwa alƙali ya amince, ba a taɓa mutumin sai bayan kwana 15, don ya sami damar ƙalubalantar tsarewar. Sa hannun ƙarshe kuma na Antoni Janar ne. Wato in kotu ta ce a'a, gwamnati ba ta da abin yi sai ɗaukaka ƙara. In kotu ta ce e, gwamnati na iya cewa ta fasa.

Inda maganar "ta wa ake bi" take kwance shi ne sassa biyu na tsarin mulki. Sashe na 41 ya hana a kori ɗan Najeriya daga Najeriya, amma ya bar ƙofa: ana iya kai shi wata ƙasa a yi masa shari'a ko ya yi zaman kaso, muddin akwai yarjejeniyar ba-ni-in-ba-ka tsakaninmu da ita. Sashe na 12 kuwa shi ne mai gadin gidan gaba ɗaya. Duk yarjejeniyar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a waje ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Kotun Ƙoli ta fayyace wannan a 2000 a shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi. Ta ce yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam tana aiki a kotunanmu ne saboda majalisa ta shigar da ita cikin dokokinmu, tana gaba da dokokin yau da kullum, amma tsarin mulki yana gaba da ita. Don haka alƙalin Najeriya, komai girman kotun waje da ta yi magana, tambayarsa ta farko ita ce: ta wace ƙofa wannan magana ta shigo dokata?

Dokar 1966 ta shafi ƙasashe rainon Ingila kai tsaye, ba sai an yi wata yarjejeniya daban da kowace ba. Amurka muna aiki da ita ne da wata tsohuwar yarjejeniya ta 1931 da muka gada daga Birtaniya. Akwai kuma ta 1984 tsakaninmu da Benin da Togo da Ghana. Nijar ba ta cikin ƙasashe rainon Ingila. A idon wannan doka, Ostireliya ta fi Maraɗi kusa da Katsina.

To, mu leƙa Turai. Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne. Ƙasashen Tarayyar Turai sun amince da tsarin a Yunin 2002, bayan harin 11 ga Satumba ya zaburar da su, ya fara aiki a farkon 2004. Babban abin da suka yi shi ne cire ministoci da jakadu daga tsakani. Alƙali ne ke cike fom guda, ya tura wa alƙali. An sa wa'adin kwana 60 a yanke hukunci, ana iya ƙara 30 in da dalili, in kuma mutumin ya yarda da kansa a miƙa shi, kwana 10. An jera nau'in laifi 32, irin su ta'addanci, safarar mutane, fataucin ƙwaya, cin hanci, zamba da kisan kai, waɗanda ba sai alƙalin da aka roƙa ya duba ko laifi ne a ƙasarsa ba, matuƙar hukuncinsu a ƙasar da ke nema zai iya kai shekara 3. An rushe katangar laifin siyasa. Har tsohuwar al'adar nan ta "ba na ba da ɗana" an karya ta, sai dai ƙasa na iya gindaya sharaɗin a dawo mata da ɗanta ya yi zaman kason a gida.

Ba dare ɗaya suka kai nan ba. Tun 1964 kotun Tarayyar da ke Luxembourg ta yanke cewa in dokar ƙungiya ta ci karo da ta ƙasa, ta ƙungiya ce a gaba, kuma alƙalan ƙasashen suka shafe shekaru suna sabawa da hakan. Akwai kuma wata hanya da ta ɗaure su wuri guda: alƙalin kowace ƙasa, ko na ƙaramar kotu ne, yana iya dakatar da shari'a ya aika wa Luxembourg tambaya kan ma'anar dokar, amsar da ta bayar kuma ta hau kan alƙalan ƙasashe 27 duka. In wanda ake shari'arsa yana tsare, akwai hanyar gaggawa ta amsawa.

Amma ko a can, kada ka ɗauka alƙalan gida sun miƙa wuya salin-alin. A 2005 kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar da majalisar ƙasar ta yi don aiwatar da tsarin, a shari'ar wani Bajamushe ɗan asalin Siriya da Sifaniya ke nema. Ta ce majalisa ba ta kare 'yan ƙasa yadda tsarin mulki ya buƙata ba. Aka sake shi, sai a 2006 aka yi sabuwar doka. A shekarar 2005 ɗin dai kotun tsarin mulkin Poland ta ce miƙa ɗan ƙasa ya saɓa wa kundinsu, dole aka gyara kundin. Luxembourg ma takan nuna nata haƙoran. A 2013, a shari'ar Melloni, wani ɗan Italiya da aka yanke wa hukunci a bayan idonsa aka kuma kama shi a Sifaniya, kotun tsarin mulkin Sifaniya ta so ta ƙara sharaɗi daga kundinta kafin a miƙa shi. Aka ce mata a'a, in kowa zai ƙara nasa sharaɗi, tsarin ya ruguje.

Bayan shekara uku ita kanta Luxembourg ta sassauta. Wata kotu a Bremen ta Jamus ta tambaye ta: Hangari da Romaniya na neman mutum biyu, kuma an san gidajen yarinsu a cunkushe suke, dole in miƙa su? A Afrilun 2016 amsa ta zo: in akwai hujja mai ƙarfi cewa gidajen yarin ƙasar na wulaƙanta ɗan'adam, alƙali ya dakata, ya nemi bayani kan ainihin inda za a ajiye wannan mutumin, in kuma bai gamsu ba cikin lokacin da ya dace, yana iya rufe maganar. A 2018 wata alƙaliya a Ailan ta yi irin wannan tambaya kan Poland, inda ake zargin gwamnati da yi wa alƙalai katsalandan, aka ba ta ma'auni makamancin wancan. A 2019 aka ce masu gabatar da ƙara na Jamus ba su da 'yancin da ya isa su fitar da sammacin, tunda minista na iya ba su umarni. Jamus guda, sai da ta koma neman sa hannun alƙalai. Ka tuna kuma da Carles Puigdemont, jagoran 'yan awaren Kataloniya. An kama shi a Jamus a Maris ɗin 2018, kotun can ta ce za ta miƙa shi kan almubazzaranci da kuɗin gwamnati amma ban da laifin tawaye, Sifaniya ta ji haushi ta janye sammacin.

Akwai wata kotun Turai ta biyu da mutane ke rikitawa da ta farko, ta haƙƙin ɗan'adam da ke Strasbourg a Faransa. Ba ta Tarayyar Turai ba ce, shi ya sa Birtaniya ke ƙarƙashinta har yau duk da ficewarta daga Tarayyar. Ita ce a 1989, a shari'ar Soering, ta hana Birtaniya miƙa wani matashi Bajamushe ga Amurka saboda azabar zaman jiran kisa, har sai da Amurka ta ba da tabbacin ba za a kashe shi ba. Wannan hukunci ya shafe mu kai tsaye. Najeriya na da hukuncin kisa, a jihohinmu kuma akwai haddi. Duk wanda muke nema daga Turai kan laifin da zai iya kai ga haka, lauyansa da wannan shari'a zai fara, kuma sai gwamnatinmu ta yi alkawari a rubuce.

Abin lura a duk waɗannan, Alhaji, kotun Luxembourg ba ta taɓa kama kowa ba, ba ta taɓa sa kowa a jirgi ba. Fassara take yi. Mutumin yana hannun alƙalin gida, mabuɗin ɗakin da yake tsare yana hannun gwamnatin gida. Saurin da ka ji ana yabo ya samo asali ne daga amincewar da alƙalin Jamus ya yi wa alƙalin Faransa, kuma da zarar amincewar ta yi rauni, kamar yadda ta yi kan Poland, sai ka ga saurin ya ragu.

Mu dawo gida. ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na ƙetare ke kira CEDEAO, tana da yarjejeniyar miƙa masu laifi da aka sa wa hannu a Abuja a 1994, da ta taimakon juna kan binciken laifi ta 1992. In ka karanta ta 1994 za ka ga tsohon salo ne: gwamnati ke roƙon gwamnati, laifin ya kai na shekara 2, ban da na siyasa, ƙasa na da zaɓin ƙin ba da ɗanta amma sai ta miƙa maganar ga masu gabatar da ƙararta, tana kuma iya ƙi in hukuncin kisa ke jiran mutumin. Ba ta ba kotun ƙungiya ikon cewa a kama wane a kai shi wuri kaza ba. Aikin da kotun ta yi suna da shi ya fara ne daga 2005, lokacin da aka ba ta ikon sauraron mutumin da ke ƙarar gwamnati kan tauye haƙƙi, ba tare da ya fara zagaye kotunan gida ba. Don haka a batun miƙa mutum, kotun ECOWAS ta wanda ake nema ce, ba ta mai nema ba. Ita ma tana da irin hanyar nan ta alƙalin gida ya aiko da tambaya, amma da wuya ka ji wanda ya bi ta.

Da ta yi magana, ana ji? Ga shari'ar da ta amsa tambayarka baki da baki. A Yunin 2020 jirgin Alex Saab, ɗan kasuwa kuma wakilin gwamnatin Venezuela, ya sauka shan mai a Cape Verde, aka kama shi bisa buƙatar Amurka. A Maris ɗin 2021 kotun ECOWAS ta ce kamun ya saɓa doka, a sake shi, a dakatar da miƙa shi, a biya shi dala 200,000. Hukumomin Cape Verde suka ce ƙasarsu ba ta ɗaure kanta da yarjejeniyar 2005 da ta ba kotun wannan iko ba. Kotun ƙolinsu ta amince a miƙa shi, kotun tsarin mulkinsu ta tabbatar a Satumba, a Oktoba jirgi ya ɗauke shi zuwa Amurka. Kotu biyu sun saɓa, aka bi ta wanda mutumin ke hannunsa. Mu ma ba mu da bakin yi musu dariya: kotun ta ce a saki Sambo Dasuki a Oktoban 2016, bai fito ba sai Disambar 2019. A Najeriya hukuncinta ta hannun Antoni Janar yake bi kafin a zartar, wato lauyan gwamnatin da aka kayar. Kotun ta ce a saki Mohamed Bazoum a Disambar 2023, sojojin Yamai ko kallo ba ta ishe su ba.

Inda hanyar doka ta yi tsawo, sai a buɗe ta ɓarauniya, kuma na san ita wasu abokanka ke ba ka shawara: a sami wani jami'i a nan ya kira abokinsa a can, a kawo yaron bakin shinge da daddare. Za su ba ka misali da Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, wanda ya tsallake beli ya shiga Nijar, aka kama shi a Yamai a ƙarshen Nuwamban 2020, cikin 'yan kwanaki yana Abuja ta hanyar haɗin gwiwar 'yan sandan ƙasashen biyu da Interpol. Ka sani dai jar sanarwar Interpol ba sammacin kamu ba ce, cigiya ce, kowace ƙasa dokarta ke faɗa mata abin da za ta yi da ita. Kuma abin da gwamnati ta yi wa wanda ya gudu daga gaban alƙalinta daban yake da ɗan kasuwa ya sayi kamu a kan yaronsa.

Tarihinmu da ɓarauniyar hanya ba mai daɗi ba ne. A Janairun 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar Borno, aka tsallakar da shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce an zalunce shi. A Yulin 1984 aka tsinci Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted, dangantakarmu da Birtaniya ta yi tsami, shi kuma bai dawo ta wannan hanya ba. A Janairun 2018 aka kama Sisiku Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren Kamaru, da abokansa a Abuja aka miƙa wa Kamaru ba tare da shari'a ba, Babbar Kotun Tarayya ta ce a 2019 hakan haramun ne, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sai Nnamdi Kanu, da aka ɗauko daga Kenya a Yunin 2021. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame shi a Oktoban 2022 saboda yadda aka kawo shi. Kotun Ƙoli a Disambar 2023 ta yi tir da yadda aka kawo shin, amma ta ce hakan bai hana a ci gaba da shari'arsa ba. Kotunan duniya sun rabu a kan wannan: ta Amurka a 1992 ta tafi kan irin wannan ra'ayi, ta Afirka ta Kudu a 1991 da ta Birtaniya a 1993 suka ce gwamnatin da ta sato mutum ba za ta zo kotu da shi ba. Ni ra'ayin na biyu nake ganin ya fi dacewa da mu, musamman mu da rabin danginmu ke ƙetare. Motar da ta kawo yaronka daga Damagaram cikin dare ba za ta koma wayam ba. Ranar da wani mai kuɗi a can ya yi ƙarar ɗanka, ita za ta ɗauke shi daga Daura, kuma babu alƙalin da zai ji ta bakinsa.

Wannan ba ilimin Turawa ba ne. Da Ƙuraishawa suka aika Amr ɗan Asi da abokin tafiyarsa Habasha, da kyaututtuka ga fadawa, abin da suka nema shi ne a miƙa musu Musulmin da suka yi hijira ba tare da sarki ya saurare su ba. Najjashi ya ƙi, ya kira su, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi bayani, sannan ya yanke hukunci ya mayar da kyautar. A ƙasar nan tamu ma tsallaka iyaka don tsira tsohon abu ne. Bayan jihadi ai Maraɗi tsofaffin sarakunan Katsina suka koma, na Daura suka zauna Zango da Baure.

Yanzu ga naka. Farko ka rarrabe: bashi ne ko cin amana? In ka sayar masa da kayan ne bashi ya kasa biya, babu ƙasar da za ta miƙa mutum a kan bashi, kuma ɗan sandan da ya karɓi irin wannan ƙara ya shiga hurumin da ba nasa ba. In kuwa ka damƙa masa ne ya sayar ya kawo maka kuɗinka, ya karkatar, wannan cin amana ne, laifi ne a dokar penal kod ta jiha. Hanyar doka a nan ita ce ƙara ga 'yan sanda, a shigar da tuhuma a kotu, alƙali ya fitar da sammacin kamu, ma'aikatar shari'a ta jiha ta tura fayil ga ofishin Antoni Janar na tarayya, a fassara takardun zuwa Faransanci, su bi ta ma'aikatar harkokin waje zuwa Yamai. Lauyoyin tarayya ne za su tantance wace yarjejeniya za a dogara da ita yanzu da Nijar ta bar ECOWAS. A gaskiya, gwamnati ba kasafai take tayar da wannan inji a kan kuɗin kayan ɗan kasuwa guda ba, kuma ko ta tayar, watanni ne ko shekaru. In kuma yaron ɗan Nijar ne, ka sa a ranka cewa ƙasashe da yawa masu bin tsarin shari'ar Faransa ba sa ba da ɗansu. Abin da ake samu shi ne su yi masa shari'a a gida da hujjar da aka tura musu.

Shi ya sa nake ganin ka juya tunanin. Kuɗinka kake nema, ba ƙeyarsa ba. Bi shi inda yake. Kana iya ɗaukar lauya a Damagaram ka shigar da ƙorafi gaban mai gabatar da ƙara na can, kuma a tsarinsu wanda aka cuta yana iya shiga cikin shari'ar laifin ya nemi diyyarsa a zama guda. In kuma ta fuskar kasuwanci ce, Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA masu dokar kasuwanci iri ɗaya, kuma akwai hanyar gaggawa da mai bin bashi ke kai takardunsa alƙali ya ba da umarnin biya, a ba wanda ake bi 'yan kwanaki ya yi jayayya in yana da ita. Abin mamaki, a nan ne za ka ga kotun da ke saman ƙasashe mai haƙori a kusa da mu: kan dokokin OHADA, ɗaukaka ƙara ta ƙarshe ba Yamai take zuwa ba, Abidjan take tafiya. Sun yarda su ba da wannan iko a kan kuɗi da kwangila, ba su ba da shi a kan jikin mutum ba.

Kada kuma ka raina hanyar da iyayenmu suka bi tun kafin a kafa shinge: shugabannin kasuwar Mai'aduwa da takwarorinsu na can, mai unguwar da ya san gidan su yaron, da wanda ya kawo maka shi tun farko. Sulhun da aka rubuta, aka sa shaidu, aka yanka lokacin biya, ya sha dawo da kuɗin da sammaci bai dawo da su ba. Sharaɗi dai kada a tsare shi a ɗaki, kada a yi masa barazana, kada a kama ɗan'uwansa a madadinsa, don a nan mai gaskiya ke komawa wanda ake tuhuma.

In za ka zo ofis a Katsina, ka taho da littafin da kake rubuta kaya, da rasit, da saƙonnin wayar da kuka yi, musamman na murya inda ya amsa cewa kayan naka ne, da mutum biyu da suka ga lokacin da aka loda. Ka kuma binciko mini abu guda kafin ka taso: katin shaidar wace ƙasa yaron ke riƙe da shi. Yaran bakin iyaka da yawa biyu gare su.